Amurka daban ce, ko dai ta ware kanta ne daga dokar da ta hau kan kowa?

Malam Habu Zariya:
Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu tattauna wani abu a natse, ban da zagi. Duk mai sauraren jawaban shugabannin Amurka, ɗan Democrat ne ko ɗan Republican, zai ji magana ɗaya tana dawowa: wai ƙasarsu ba kamar sauran ƙasashe ba ce, Allah ya keɓe ta da wani aiki a doron ƙasa. Da yawa a cikinmu suna ɗauka wannan girman kai ne da ƙarfin soja ya haifar bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A'a, tunanin ya girmi ƙasar kanta. A 1630, shekara 146 kafin samun 'yancin kai, John Winthrop, jagoran wasu Kiristoci da suka baro Ingila zuwa Massachusetts, ya yi wa mabiyansa wa'azi cewa za su zama kamar birni a kan tudu, idon duniya duka a kansu. Daga Linjilar Matta ya ɗauko maganar. Amma gargaɗi yake yi musu. Cewa ya yi idan suka ci amanar Ubangiji, za su zama abin labari a bakin duniya. Kennedy ya farfaɗo da maganar a 1961, Reagan kuma ya mai da ita kirari, har a jawabinsa na bankwana a 1989. A ganina gargaɗin ya faɗi a hanya, alfaharin ne kaɗai ya iso. Me kuka gani?

Baffa na Bronx:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, ni da nake zaune a cikinsu zan faɗi abin da idona ya gani, ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Akwai abin da ƙasar nan take da shi wanda ban gani a wani wuri ba. 'Ya'yana a nan aka haife su, kuma tun ranar da suka zo duniya 'yan ƙasa ne, babu wanda ya tambayi ƙabilar ubansu. Gyaran kundin tsarin mulki na 14 da aka yi a 1868 ne ya ba su wannan. Ku kwatanta da ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, inda baƙo zai haihu, ɗansa ma ya haihu, amma har jika yana yawo da takardar izinin zama. A unguwarmu masallatan mutanen Afirka ta Yamma ba sa ƙirguwa da yatsun hannu, 'yan zangon Ghana, 'yan Nijar, 'yan Gini, kowa da limaminsa, ba mai rubuta masa huɗuba. A 2007 Keith Ellison, Musulmi na farko a majalisar dokokin tarayya, ya yi rantsuwa da Alƙur'anin da ya fito daga ɗakin karatun Thomas Jefferson. Idan mutanen da suka gina wannan suka ce su daban ne, ni ba zan ƙaryata su ba.

Sadiƙ Fagge:
Baffa ka dai sha ruwan Amurka kawai. Ƙasar da ta jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki ce za ta koya wa duniya tarbiyya? Yabon kai jahilci.

Malam Habu Zariya:
Sadiƙ, Baffa ya haife ka, gyara harshe. Maganar Hiroshima gaskiya ce, kawo ta da hujja, ba sai ka taɓa mutuncin mutum ba.

Sadiƙ Fagge:
A yi haƙuri Baffa. Amma maganata tana nan.

Barista Zainab:
Baffa, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, kuma ba ni da ja a kai. Sai dai abin da ka faɗa na cikin gida ne. Ni damuwata tana wajen gida, inda wannan tunani yake zama lasisin tsallake doka.

Ku ɗauki kotun duniya mai hukunta manyan laifuka da ke birnin Hague. Amurka na cikin waɗanda suka assasa tunanin cewa a gurfanar da shugabanni kan laifukan yaƙi, tun shari'ar Nuremberg a 1945. Babban mai gabatar da ƙara nata, Robert Jackson, shi da bakinsa ya ce ma'aunin da suke auna Jamusawa da shi yau, da shi tarihi zai auna su gobe. To da aka zo kafa kotu ta dindindin fa? Clinton ya sa hannu a yarjejeniyar Rum a ƙarshen 2000, bai taɓa kai ta Majalisar Dattawa ba. Bush ya janye hannun a 2002. A shekarar kuma majalisa ta yi dokar da ta ba shugaban ƙasa izinin amfani da duk hanyar da ta dace wajen ƙwato duk wani jami'in Amurka da kotun ta tsare. Amma a 2011, da aka zo miƙa batun Libiya ga wannan kotun dai a Kwamitin Sulhu, Amurka ta kaɗa ƙuri'ar amincewa. Wato kotun ta isa ta tuhumi Gaddafi, ba ta isa ta tambayi sojan Amurka ba.

Da Fatou Bensouda, 'yar Gambiya, babbar mai gabatar da ƙara ta kotun a lokacin, ta nemi binciken abin da ya faru a Afganistan, har da zargin azabtar da fursunoni, sai aka ƙaƙaba mata takunkumi a Satumban 2020, irin wanda ake sa wa dillalan ƙwaya da 'yan ta'adda. Biden ya ɗage a 2021. A 2025 aka sake sa wa wanda ya gaje ta, Karim Khan, saboda sammacin kama Netanyahu.

Kuma ba yau aka fara ba. A 1986 kotun duniya mai shari'a tsakanin ƙasashe ta yanke cewa Amurka ta karya doka da ta dasa nakiyoyi a tashoshin ruwan Nikaraguwa, ta kuma tallafa wa 'yan tawaye. Amurka ta ƙi bin hukuncin, da aka kai batun Kwamitin Sulhu ta hau kujerar na-ƙi. Alƙali ne ya rubuta doka, ranar da aka kai ƙarar ɗansa ya kulle kotu ya sa makulli a aljihu. Wannan shi ne abin da ke ci mini rai.

Ɗan Damagaram:
Barista Allah ya ƙara basira. Mu a Nijar ba a takarda muka karanta wannan ba, da sunanmu aka yi. Lokacin da ake neman dalilin afka wa Iraƙi, sai aka ce wai Saddam ya nemi sayen yuraniyom a wurinmu. CIA ta turo tsohon jakada Joseph Wilson Yamai a Fabrairun 2002. Ya zo, ya gana da mutane, ya koma ya ce maganar da wuya ta zama gaskiya, don ma'adinan suna hannun kamfanonin da Faransa ke jagoranta, ba a fitar da tan ɗaruruwa a ɓoye. Duk da haka a Janairun 2003 Bush ya tsaya gaban majalisa ya ce Saddam ya nemi yuraniyom daga Afirka. A Maris Muhammad ElBaradei na hukumar nukiliya ta duniya ya gaya wa Kwamitin Sulhu cewa takardun jabu ne. Ɗaya daga cikinsu ma tana ɗauke da sa hannun ministan harkokin wajen da ya bar kujera tun 1989. Ba a yi mako biyu ba aka fara ruwan bama-bamai a Bagadaza. Kofi Annan ya ce yaƙin ya saɓa wa dokar Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba a sami makaman ƙare dangi ba. Dubban ɗaruruwan Iraƙawa sun mutu. Wa aka gurfanar? Wa ya nemi afuwar Nijar?

Mutumin da ya yarda cewa niyyarsa kullum mai kyau ce, ba ya ganin ɓarnarsa a matsayin laifi, kuskure yake kiran ta. Madeleine Albright, sakatariyar harkokin wajen Amurka a lokacin, ta faɗa a fili a 1998: idan sun yi amfani da ƙarfi, don su Amurka ne, ƙasar da ba a iya yi sai da ita, sun fi kowa tsayi, sun fi kowa hangen nesa.

Maman Ilham:
Ni ba 'yar siyasa ba ce, ma'aikaciyar jinya ce, don haka ku yi mini uzuri. Ɗan'uwa na Damagaram, wannan Bush ɗin da ka ambata, a wannan jawabin na Janairun 2003 ɗin, shi ne ya sanar da shirin PEPFAR na yaƙi da cutar ƙanjamau. Na yi aiki a sashen da ake ba da maganin. Na san yadda ake sallamar mutane su je gida su jira ajali kafin shirin, na kuma ga mata masu ɗauke da cutar suna haihuwar yara lafiya lau bayansa. An ƙiyasta ya ceci rayuka kimanin miliyan 25 a duniya, mafi yawa a Afirka. Me ya sa manomi a wata jihar Amurka zai yarda a kashe harajinsa a kan mara lafiyar da bai taɓa gani ba? Don tun yana yaro an gaya masa ƙasarsa tana da nauyin duniya a wuyanta. Tunanin da ya kai su Iraƙi shi ne ya kawo maganin nan. Ban san yadda zan raba su ba.

Sadiƙ Fagge:
Anti, to da aka dakatar da tallafin a farkon 2025 aka rufe USAID fa? Ina nauyin duniyar ya tafi?

Maman Ilham:
Ƙanena, ai ni na ga fuskokin masu zuwa karɓar magani a makonnin nan, suna tambaya ko zai yanke. Ban kwana da daɗi ba. Amma ka lura, waɗanda suka yanke ba masu cewa Amurka tana da aiki a duniya ba ne, masu cewa Amurka ta fara kula da kanta ne. Shi ya sa nake tsoron mu yi ta addu'ar su daina ganin kansu na musamman, mu wayi gari sun daina ɗin, amma jiragen yaƙin suna nan, maganin ne ya tafi. Mu ma gwamnatocinmu su ji kunya, a ce ran ɗan ƙasa yana rataye da zaɓen wata ƙasa.

Malam Habu Zariya:
Hajiya kin taɓo inda nake so mu je. Bari in koma tarihi kaɗan, don abin da kika ce ba ki iya rabawa, su kansu sun fi shekara 200 suna kokawa da shi.

Takardar ayyana 'yanci ta 1776 ta ce an halicci dukkan mutane daidai. Wanda ya rubuta ta, Jefferson, ya mallaki bayi sama da 600 a rayuwarsa. Kundin tsarin mulki na 1787 ya ƙidaya bawa a matsayin kashi uku cikin biyar na mutum wajen rabon kujerun majalisa. A 1845 wani ɗan jarida, John O'Sullivan, ya rubuta cewa ƙaddara ce bayyananniya su mamaye nahiyar da Allah ya ba su. Bayan shekara uku, a 1848, Meziko ta rasa kusan rabin ƙasarta, har da Kaliforniya. Kafin nan an yi dokar kwashe 'yan asalin ƙasar a 1830. Ƙabilar Cherokee suna da rubutunsu, da jaridarsu, da kundin mulkinsu, kuma Kotun Ƙoli ta yi hukuncin da ya goyi bayansu a 1832. Bai hana a kore su da bakin bindiga a 1838 ba, kimanin 4,000 suka mutu a hanya. Duk an yi wannan ne da yaƙinin cewa aikin Allah ake yi.

Amma ga ɗaya gefen, kuma shi ya fi ba ni mamaki. Waɗanda aka zalunta ba su ce takardar 1776 ƙarya ce a yar da ita ba. Riƙe ta suka yi suka ce a cika. Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta, ya tsaya a Rochester a 1852 ya tambayi Turawan da suka gayyace shi: ranar 4 ga Yuli, ranar bikin 'yancin ƙasar, me take nufi ga bawa? Ya wanke su tas, amma da kalaman kakanninsu ya yi. Martin Luther King a Washington a 1963 ya ce ƙasar ta rubuta wa baƙar fata cek, banki ya dawo da shi babu kuɗi, su kuma sun zo karɓar haƙƙinsu. Dokar 'yancin jama'a ta biyo baya a 1964, ta zaɓe a 1965.

Har da namu a ciki. Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said, a Kukawa ta Borno aka haife shi. An kama shi yana yaro, aka ƙetara da shi Sahara, ya bi ta Tarabulus da Istanbul da Rasha, ya isa Amurka yana ɗa mai 'yanci. A 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts, ta baƙaƙen fata, a yaƙin basasar da ya kawo ƙarshen bautar mutum kusan miliyan 4. Daga baya ya koyar da 'yantattun bayi a kudu. Mutumin da ya ga rabin duniya, ya zaɓi ya sa ransa a kan alkawarin da ƙasar ba ta cika masa ba tukuna.

Don haka ni matsayina shi ne: idan Ba'amurke ya ce mu daban ne, ma'ana mun ɗauki alkawarin da dole a bi mu bashinsa, ina girmama shi. Idan ya ce mu daban ne, ma'ana ba mai tambayar mu, to wannan shi ne ya kashe Cherokee, shi ne ya rusa Bagadaza. Kuma a cikin gida akwai kotu da jarida da ƙuri'a da za a bi bashin da su. Ɗan Iraƙi ko ɗan Nikaraguwa ba shi da ko ɗaya.

Injiniya Kabiru:
Malam, ni fa ban ga abin da ya sa muke ware Amurka ba. Wace ƙasa ce ba ta ganin kanta ta musamman? Faransa ta mallaki rabin Afirka ta Yamma da sunan wayar mana da kai. Ingila haka. Sin tana kiran kanta tsakiyar duniya tun fil azal. Mu nan muna kiran kanmu Giwar Afirka ko da wuta babu. Obama ma ya faɗa a Strasbourg a 2009, ya ce ya yarda Amurka ta musamman ce, kamar yadda yake zaton Ingilishi da Girkawa suna ganin nasu. 'Yan adawa suka yi masa ca, wai bai son ƙasarsa. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

Barista Zainab:
Yaya Kabiru, gaskiya ne kowa yana yabon gidansu. Amma Girka ba ta da kujerar na-ƙi. Ba ta kashe sama da dala biliyan 800 a shekara a kan soja, ba ta da ɗaruruwan sansanoni a ƙasashen mutane, kuma kuɗinta ba shi ne ake cinikin mai da shi ba. Bensouda ba a Amurka take zaune ba, amma takunkumin ya taɓa ta har a bankinta, don kusan kowane banki a duniya yana tsoron a yanke shi daga dala. Abin da ɗan Girka yake ji a ransa ya tsaya a ransa. Na Ba'amurke yana iso mana har gida.

Ɗan Damagaram:
Har Agadas ma. Sun gina sansanin jirage marasa matuƙa da ya ci sama da dala miliyan 100. Da aka kashe sojojinsu huɗu a Tongo Tongo a Oktoban 2017, wasu sanatocinsu suka fito suka ce ba su ma san suna da sojoji masu yawa haka a Nijar ba. Sojojin Nijar da suka mutu tare da su a ranar, 'yan jaridar can kaɗan ne suka damu da su. A Maris 2024 sojojin da ke mulki suka soke yarjejeniyar, suka ce tawagar da aka turo ta yi musu magana da raini, kafin ƙarshen Satumba Amurkawa sun kwashe. Ba ina wanke masu mulkinmu ba ne, wannan wata muhawarar ce daban. Amma mutane da yawa da ba sa son mulkin soja sun ji maganar rainin nan har cikin ƙashinsu.

Baba Alhaji Tudun Wada:
'Ya'yana, ni na girme ku, bari in sa baki. Lokacin da Sir Abubakar Tafawa Balewa ya je Amurka a Yulin 1961, Kennedy ya karɓe shi, ya yi jawabi a majalisarsu, mu a lokacin ganin Amurka muke kamar ƙasar da ta kori Ingila kafin mu, wadda za ta fahimce mu. A wannan shekarar aka kashe Lumumba, daga baya binciken majalisarsu da kanta ya nuna CIA ta ƙulla makircin hallaka shi. A 1979 muka ajiye tsarin firaminista muka ɗauko nasu na shugaban ƙasa da majalisa biyu, don mun yarda sun gano wani sirri. Shekaru suna aiko mana da masu sa ido a zaɓe suna yi mana faɗa. Ranar 6 ga Janairun 2021 na zauna gaban talabijin na ga mutane suna fasa tagogin majalisar da Balewa ya yi magana a ciki, don ɗan takararsu ya faɗi zaɓe. Wallahi ban yi murna ba. Baƙin ciki na yi, don na ga su ma 'yan Adam ne kamar mu, abin da ya ci mu zai iya cin su.

Baffa na Bronx:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ranar nan ni ma ban yi barci ba. Kuma tunda an zo nan, bari in faɗi inda wannan tunani yake cutar da su kansu. Idan ka yarda ka fi kowa, ba ka koyo a wurin kowa. Bindigogin da ke hannun fararen hula sun fi yawan mutanen ƙasar. Tun 2020 harbin bindiga ne kan gaba wajen kashe yara da matasa. 'Yata ƙarama a makaranta ana koya musu yadda za su kashe fitila su ɓuya idan ɗan bindiga ya shigo. A Sandy Hook an kashe yara 20 a 2012, a Uvalde 19 a 2022. Ostareliya da aka yi mata irin wannan a Port Arthur a 1996, mutum 35, ta canja doka cikin makonni. Ka kawo wannan misalin a nan, sai a ce maka ai mu ba Ostareliya ba ne. Haka batun asibiti: sun fi kowace ƙasa kashe kuɗi a kan lafiya, amma miliyoyi ba su da inshora, kuma ɗan Japan ya fi su tsawon rai da shekaru.

Sai dai kada ku ɗauka duka haka suke tunani. Binciken cibiyar Pew na 'yan shekarun nan ya nuna waɗanda ke cewa Amurka ta fi kowace ƙasa ba su kai rubu'i ba. Fiye da rabi cewa suke tana cikin manya tare da wasu. Matasa kuma sun fi kowa shakka. Ɗana babba idan muna irin wannan hira, ya fi Sadiƙ zafi.

Injiniya Kabiru:
To Barista, in haka ne, me ya hana su shiga yarjejeniyoyin? Na ji an ce ko ta haƙƙin yara ba su amince da ita ba. Gaskiya ne?

Barista Zainab:
Gaskiya ne Yaya. Tun da Somaliya ta amince a 2015, Amurka ce kaɗai mamba a Majalisar Ɗinkin Duniya da ba ta tabbatar da ita ba. Ta sa hannu a 1995, a nan ta tsaya. Ta dokar teku da ta hana nuna wa mata bambanci ma ba ta tabbatar da su ba. Dalili ɗaya na tsari ne: yarjejeniya ba ta zama doka sai kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa sun yarda, wato sanata 67 idan duka 100 suna zaune. Sanata 34 sun isa su tare hanya, ko da mafi yawan jama'a suna so. Shugaba Woodrow Wilson ne ya kawo shawarar kafa Ƙungiyar Ƙasashe, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, majalisarsa ta ƙi, Amurka ba ta taɓa shiga ba. Yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi ta sa mata hannu a 1948, ba ta tabbatar ba sai 1988, shekara 40, kuma da sharaɗin ba za a kai ta kotun duniya a kanta ba sai da yardarta. Amma tsarin kaɗai bai isa bayani ba. Sanatocin nan suna tarewa ne don sun san a jihohinsu akwai masu zaɓen da ba za su taɓa yarda wani alƙali daga waje ya duba aikin Amurka ba.

Baffa na Bronx:
Waɗannan masu zaɓen na san su, wasu abokan aikina ne, kuma mutanen kirki ne a mu'amala. Ni dai ina da ƙuri'a a nan yanzu, kuma sanatocin jiharmu suna da ofishin da ake kira a waya a faɗi ra'ayi. Barista, ki turo mini cikakken sunan dokar 2002 ɗin nan ta akwatin saƙo, ina so in karanta ta da kaina kafin in kira.